Lubban: jiƙo, mai ko sassaƙe, wanne ne ainihin maganin?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawara kafin in yi aikin da-na-sani. Hajiyarmu ta kusa shekara huɗu tana fama da ciwon gwiwa, yanzu ma a kan kujera take sallah. Jiya wata ƙawata ta turo min saƙon murya a WhatsApp, minti tara cur, wani mutum yana cewa a jiƙa lubban a ruwa ya kwana, a sha da safe kafin a ci komai. Wai yana maganin gwiwa, da asma, da mantuwa, da ciwon daji, har da rashin haihuwa. Gaskiya da a gwiwa ya tsaya da tuni na jiƙa. Yawan abin da ya lissafo ne ya sa jikina ya yi sanyi. Wa ya san gaskiyar lamarin?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Duk maganin da aka ce yana warkar da komai, cuta ɗaya na tabbata yana warkarwa: talaucin mai sayar da shi.

Shugaban Zaure: Sarki, ka bari masu sani su fara magana tukuna. Baba Mai Saiwa, bismillah.

Baba Mai Saiwa: 'Yata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kafin in ce komai, wane lubban ɗin? Abin da ake kira da wannan suna ya fi ɗaya. Ni wanda na sani tun ina ɗaukar wa mahaifina gafaka shi ne ƙaron hano, itacen da wasu ke ce wa ararrabi. Yana son tudu da gefen duwatsu. Ɓawonsa yana saɓulewa fale-fale kamar takarda, da rani ya zubar da ganye tas, sannan ya yi farar fure mai ƙamshi. Mu a sana'armu ba ƙaron muka fi taɓawa ba, sassaƙen ne. A dafa shi a sha don zazzaɓi, da murɗar ciki, da sanyin ƙashi, a kuma wanke gyambo da ruwansa. Ƙaron kuwa hayaƙi aka fi yi da shi. Wannan jiƙon kwana da ake yayatawa ba daga wurinmu ya fito ba.

Maman Ummi: Baba, wallahi ban san akwai iri-iri ba. Wanda na gani 'yan dunƙule ne kamar tsakuwa, launin ruwan zuma mai haske.

Ɗan Gandu: Tambayar Baba ita ce maganar gaba ɗaya. Ni gandun daji na karanta, bari in ɗan warware. Itatuwan lubban dangi ɗaya ne, masana tsirrai na kiransu Boswellia, amma kowanne da ƙasarsa. Akwai Boswellia sacra a yankin Zufar na ƙasar Oman, da Yaman, da arewacin Somaliya, shi ne wanda ya yi suna tun zamanin dā. Akwai Boswellia serrata a Indiya. Akwai Boswellia papyrifera a Habasha da Eritiriya da Sudan, wanda kaso mai yawa na lubban ɗin da ke yawo a kasuwar duniya daga jikinsa yake fitowa. Akwai Boswellia frereana a Somaliya, suna ce masa maidi, taunawa aka fi yi. Hanon da Baba ya faɗa shi ne Boswellia dalzielii na Afirka ta Yamma. An sa masa sunan Dalziel ne, wani likita ɗan Sikotilan da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916.

Yadda ake samunsa kuwa, ana ɗan fere ɓawon da wuƙa, sai wani farin ruwa kamar madara ya tsattsafo. A bar shi kamar mako biyu ya daskare, a zo a kankare, a sake buɗe wurin. Na farko ba shi da kyau sosai, na baya ya fi ƙamshi. A wurin itacen, wannan ƙaron shi ne abin da yake toshe rauninsa da shi don kada ƙwari da ruɓa su shiga.

Mai Turare: Ƙari a kan haka, akwai lubban jawi, wanda shi ba ma danginsu ba ne sam. Daga wani itace yake a tsibirin Sumatara na Indunusiya. Mutane da yawa suna haɗa su saboda suna.

Sarkin Gardama: To kun gani. Mai saƙon murya bai ma faɗi wanne ba.

Anti Famasi: Sannunku. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙonni. Maman Ummi, zan yi dogon bayani, ki yi haƙuri da ni, don wannan itace ba irin wanda za a ce ƙarya ne kawai a wuce ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar gwiwa.

Dunƙulen da kika gani abu uku ne a cakuɗe. Akwai ɓangaren da ke narkewa a ruwa, irin ƙaron da muka sani. Akwai ɗan mai mai ƙamshi, shi ne ke tashi idan an ɗora a wuta. Sai kaso mafi girma, wanda ba ya narkewa a ruwa, sai a mai ko a sinadarin tacewa. A cikin wannan na ukun ne ake samun abin da ake kira boswelik asid, wanda mafi shahara a cikinsu ake taƙaita sunansa da AKBA. A farkon shekarun 1990 masu bincike a jami'ar Tubingen ta Jamus suka nuna cewa yana danne wani abu a jiki da ake kira 5-LOX, wanda ke ƙera sinadaran da ke hura kumburi a gaɓoɓi da hanyar numfashi da hanji. Daga nan aka fara gwada shi a jikin mutane.

A 2003 an yi gwaji a Indiya da mutum 30 masu zaizayar gwiwa, na mako takwas. Waɗanda suka sha tataccen lubban sun samu sauƙin ciwo, tafiyarsu ta ƙaru. A 1998 kuma an gwada wa masu asma, miligiram 300 sau uku a rana har mako shida: kashi 70 cikin ɗari sun ji sauƙi, a ɓangaren waɗanda aka ba ƙwayar wofi, wato wadda babu magani a cikinta, kashi 27 ne. Amma ku lura da yawan mutanen, kaɗan ne ƙwarai. A 2008 wani farfesa mai suna Edzard Ernst ya tattara duk gwaje-gwajen da aka yi, ya tace, bakwai kawai suka cika sharaɗi. Hukuncinsa shi ne abin yana ba da ƙwarin gwiwa, amma hujjar ba ta kai a rufe magana ba. An kuma gwada shi a 2011 don hana wata cutar kumburin hanji mai suna Kuron dawowa, bai fi ƙwayar wofi ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Waɗannan gwaje-gwajen da tataccen ƙaron Indiya aka yi su, a kafso ko ƙwaya, an san nauyin abin da ke ciki. Ba da jiƙo aka yi su ba. Idan kika jiƙa lubban ya kwana, ruwan zai yi fari, amma yawancin abin da ake nema yana nan kwance a gindin kofi bai narke ba. Ko wanda aka tace ɗin ma jiki ba ya tsotsarsa da kyau, an gano ya fi shiga jini idan an sha shi bayan cin abinci mai maiƙo. Shi kuwa mutumin naki cewa ya yi a sha kafin a ci komai.

Maman Ummi: Ikon Allah. Wato ya juya abin kai a ƙasa.

Baba Mai Saiwa: Hajiya Famasi, na ji bayaninki kuma na ƙaru. Amma akwai inda ban yarda ba. Kina magana kamar sai abin da aka auna a Jamus ne magani. Kakana ya ba mutane sassaƙen hano, mahaifina ya ba su, ni ma na ba su shekara sama da arba'in. Da ruwa muke dafawa, ba da wani sinadari ba. Da ba ya aiki da mutane ba su dawo ba. Rashin gwada abu daban, rashin aikinsa daban.

Anti Famasi: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce ba ya aiki ba. Abin da na ce shi ne ba za a ɗauko shaidar ƙaron Indiya a jingina wa sassaƙen hano ba. Itacen daban, sashen itacen ma daban. Ɓawo yana da nasa sinadaran, irin masu ɗaure baki, kuma su suna fita a ruwan zafi. Yana iya yiwuwa su ne ke tsayar da gudawa ko busar da gyambo. Zan ma ƙara maka da wani abu da zai yi maka daɗi: da aka auna ƙaron itatuwan nan a jami'ar Ulm ta Jamus, na hano yana cikin waɗanda suka fi yawan AKBA. Ka ga ashe abin da kuke ƙonawa ya fi abin da kuke dafawa kusa da wanda aka gwada.

Inda nake da matsala shi ne maganar dawowar mutane. Ciwon gwiwa yana tashi yana lafawa da kansa. Mutum ba ya neman magani sai ranar da ya fi tsanani, daga nan kuwa ko bai sha komai ba yawanci sauƙi ne ke biyowa. Wanda ya ji daɗi zai dawo ya gode maka. Wanda bai ji ba zai tafi wani wuri shiru, ba za ka sake ganinsa ba. Mu ma a kantin magani haka take faruwa da mu, shi ya sa ake kwatantawa da ƙwayar wofi.

Baba Mai Saiwa: Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, wanda bai warke ba ba ya sallama. Amma ku ma akwai naku. Tsofaffi nawa ƙwayar ciwon gwiwarku ta ɓare wa ciki? Su ne ke zuwa wurinmu da gyambon ciki.

Anti Famasi: Ban musa ba, Baba. Irin su ibufurofen da daikulofenak idan aka daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Dalilin da ya sa ake ta binciken lubban ke nan, ana neman abin da tsoho zai jure. Shi ma dai ba fari tas ba ne, yana sa wasu tashin zuciya, ko ƙwannafi, ko gudawa, wasu ƙuraje.

Sarkin Gardama: Yau ga Baba da Anti sun kusa shiryawa. Ni me zan yi gardama a kai ke nan?

Mai Turare: 'Yan uwa duk wannan wahalar jiƙo da kafso ba ta taso ba. Man lubban na asali shi ne ƙarshe. Ɗigo biyu a ƙarƙashin harshe, ɗigo uku a shafa a gwiwa. Ƙarfin buhu guda ne aka tara a 'yar kwalba. Mai buƙata ya yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Mai Turare, dokar zaure ta hana talla. Wannan gargaɗi ne na farko.

Anti Famasi: Ban da talla ma, maganar ba haka take ba. Da tururi ake fitar da man. Tururi kuwa abu marar nauyi kawai yake ɗauka, mai ƙamshin. Boswelik asid yana da nauyi, ba ya tashi, a tukunya ake barinsa tare da tuƙa. Wato 'yar kwalbar nan mai tsada ita ce ta fi kowa rashin abin da aka gwada a gwiwa. A shaƙa don ƙamshi ba laifi. A ɗiga tsantsarsa a baki kuwa kuskure ne, kuma ko a fata sai an sirka shi da wani mai, in ba haka ba yana iya ƙona wa mutum jiki.

Mai Turare: To ai ni na karanta cewa masana a Isra'ila sun tabbatar yana maganin damuwa.

Anti Famasi: Na san binciken, na 2008 ne. Wani sinadari ne a cikin lubban mai suna insensol asitet, kuma ɓeraye aka yi wa allurarsa. Ɓerayen sun nuna alamar natsuwa. Daga ɓera zuwa Hajiyar Maman Ummi akwai tafiya.

Sarkin Gardama: Ɓerayen gidanmu ma a natse suke, ba su taɓa ganin lubban ba.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in sako tawa. Ina da ciki wata biyar, kuma an ce min akwai hadisi cewa a ciyar da mai ciki lubban, ɗan zai zo da kaifin ƙwaƙwalwa. Har na sa an nemo min. Malam yana nan?

Malam Na Zaure: Ina nan, 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Wannan ruwayar malaman hadisi ba su inganta ta ba, an ma ambace ta cikin ƙagaggun hadisai. Ibnul Ƙayyim a littafinsa Zadul Ma'ad, a inda ya kawo magunguna, ya yi magana a kan lubban, wanda Larabawa ke kira kundur. Ya kawo ruwayar da ke cewa a turara gidaje da shi, ya ce ba ta inganta daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Abin da ya ce ana ruwaitowa shi ne daga Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wani ya kai masa kukan mantuwa sai ya umarce shi da lubban. Ku lura da lafazin "ana ruwaitowa". Sannan ya kawo amfaninsa bisa ilimin likitocin zamaninsa, irin busar da majina da warkar da rauni. Ibn Sina ma ya rubuta a kansa. To wannan likitanci ne na gwaji da gado, ana ɗauka ana bari. Amma a ce Annabi ne ya faɗa alhali bai tabbata ba, wannan babban al'amari ne. Masu sayarwa su ji tsoron Allah.

Uwar Biyu: Allah ya gafarta Malam, na gode. Wato in bari?

Anti Famasi: Ki bari, 'yar'uwa. A likitancin gargajiya na Sin ana kiransa ru shiyang, ana haɗa shi da mur don ciwo da rauni, kuma a can cikin masu motsa jini ake lissafa shi, suna hana mai ciki sha. Idan waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da shi sun hana, ke me zai kai ki?

Baba Mai Saiwa: A nan bakinmu ɗaya. Ni ko sassaƙe ba na ba mai ciki.

Autan Inna: Tun ɗazu nake karantawa ban so in yi magana ba. Maganar ciwon daji ce ta taɓa ni. Kawuna an gano masa ƙari a hanji, likitoci suka ce a yi aiki tun yana ƙarami. Wani mai magani ya ce masa kada ya yarda a taɓa shi da wuƙa, ya ɗora shi a kan jiƙon lubban da wasu haɗe-haɗe wata bakwai. Kullum ce masa yake cutar tana fita ta fitsari. Da muka koma asibiti abin ya riga ya kai hanta. Bara ya rasu. Ba na zargin itacen, itace bai yi wa kowa alkawari ba. Amma duk wanda ya tura irin saƙon nan ya san akwai mai jinya a ɗaya gefen da zai ji ya gaskata.

Malam Na Zaure: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Maman Ummi: Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri.

Baba Mai Saiwa: Allah ya jiƙan kawunka, ɗana. Irin waɗannan su ke zubar mana da mutunci. Mahaifina ya koya min cewa rabin sana'ar nan shi ne ka san ciwon da ba naka ba ne.

Anti Famasi: Allah ya yi masa rahama. Bari in faɗi inda jita-jitar ta samo tushe, don idan an sake turo muku ku gane. A ɗakin gwaji, idan aka zuba boswelik asid a kan ƙwayoyin cutar daji a cikin faranti, wasunsu suna mutuwa. Amma abubuwa da yawa suna yin haka a faranti, har da wanda in ka sha zai kashe ka. Gwajin da aka fi ambata a jikin mutane shi ne na Jamus a 2011, mutum 44 masu ƙari a ƙwaƙwalwa waɗanda ake gasa wa ƙarin da na'ura a asibiti. An ba rabinsu tataccen lubban miligiram 4,200 kowace rana. Abin da aka auna shi ne kumburin da ke taruwa a kewayen ƙarin, kuma ya ragu sosai a jikin kashi 60 cikin ɗari, a ɗaya ɓangaren kashi 26. Kumburi ne ya ragu, kuma dukansu suna kan maganin asibiti a lokacin. Babu wani gwaji da ya nuna lubban ya warkar da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Sarkin Gardama: Yau kam ba ni da abin cewa. Allah ya jiƙan musulmi.

Ɗan Gandu: Amin. Akwai wani gefe da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da irin wannan saƙo ya zaga duniya, itacen ne ke biya. A 2019 wata tawaga ƙarƙashin Frans Bongers na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta fitar da sakamakon binciken Boswellia papyrifera. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dazuzzukan da suka duba babu ƙananan itatuwa a cikinsu, sai tsofaffi. Suka yi hasashen cewa lubban ɗin da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20. Tun kafin nan, a 2006, an auna a Eritiriya: irin shuka na itacen da ake yawan tsagawa kashi 16 cikin ɗari ne ke tsirowa, na wanda aka bari ya huta kuwa ya haura kashi 80. Dalili a fili yake, ƙarfin da zai sa a fure da 'ya'ya ya ƙare wajen toshe rauni. Ga wani ƙwaro mai dogon ƙaho da ke shiga ta raunin ya huda cikin itacen. Ɗan tsiron da ya samu ya fito kuma, ko awaki su cinye ko gobarar daji ta lashe.

A Oman an killace Wadi Dauka, yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, waɗanda yanzu ake kira Ƙasar Lubban. Amma yawancin itatuwan duniya ba a killace suke ba.

Baba, da girmamawa, sassaƙe ya fi tsaga illa. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Idan aka kewaye gindin aka saɓule, an yanke wa saiwa abinci, itacen zai yi kamar lafiyarsa ƙalau na ɗan lokaci sannan ya bushe a tsaye.

Baba Mai Saiwa: Ɗana, ba ka faɗi ƙarya ba, amma ba mu ba ne. Yadda aka koya mana, gefe ɗaya ake sassaƙa, faɗin tafin hannu, ba a kewayewa, a shafe wurin da ƙasa, kuma ba a komawa kan wannan itacen sai ya haɗe. Yaran yanzu da buhu suke shiga daji, su tuɓe itace tsirara tun daga gindi har inda hannu ya kai, don a kilo ake saya a hannunsu. Wuraren da nake samu a dā da ƙafa, yanzu sai na hau abin hawa.

Sarkin Gardama: To Baba, wa ke sayen buhun a hannun yaran?

Baba Mai Saiwa: Kai dai ba ka da kunya. Amma ka yi tambaya. Ni ma na saya, tun da gwiwata ta daina hawa dutse.

Sarkin Gardama: Sai a jiƙa wa Baba lubban.

Shugaban Zaure: Sarki!

Baba Mai Saiwa: Ƙyale shi, jikana ne.

Maman Ummi: Na gode muku ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Jiƙo dai na fasa. Amma Anti, idan na samu kafson da kika ce, zan iya ba ta? Na je na duba ledar magungunanta yanzu. Akwai na hawan jini, akwai farasitamol, sai wani ƙarami da aka rubuta wafarin, wanda aka ɗora ta a kai tun da jini ya taɓa daskare mata a ƙafa.

Anti Famasi: Tsaya nan, Maman Ummi. Alhamdu lillahi da kika duba. Kada ki ba ta, ko kafso ko jiƙo ko sassaƙe, sai likitan da ke duba jininta ya sani. Wafarin magani ne mai tsinka jini, ƙaramin abu ke ɗaga shi ko ya sauke shi, kuma an samu rahoton mutanen da jininsu ya ƙara tsinkewa bayan sun haɗa shi da lubban. Kada kuma ta sha ibufurofen ko daikulofenak ko asfirin da kanta don gwiwar, haɗarin zubar jini ne. Ranar da za ku koma, ki ɗauki ledar gaba ɗaya, ki ce masa gwiwar ta hana ta sujada. Akwai motsa jiki na musamman da ke ƙarfafa naman cinya, yana rage wa gwiwa nauyi, ki roƙi a tura ta wurin masu gashin ƙashi. Idan ya amince a gwada lubban ɗin, a nemi wanda aka rubuta sunan itacen da yawan boswelik asid a jikin kwalin, a kuma ƙara yawan gwajin jinin a makonnin farko.

Baba Mai Saiwa: Ki bi maganarta, 'yata. Da wurina kika zo, ni ba zan san in tambaye ki wannan ƙaramar ƙwayar ba.

Maman Ummi: In sha Allah. Ranar Talata ne ganin likitanta. Ƙawar tawa ma na tura mata bayanin Anti, ta ce ita wallahi ba ta ma saurari saƙon har ƙarshe ba kafin ta turo.

Mai Turare: Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa ƙamshinsa ba shi da na biyu.

Anti Famasi: Wannan ba mai ja da kai. A dai buɗe taga, kuma kada a yi hayaƙin kusa da mai asma ko jariri.

Baba Mai Saiwa: Ɗan Gandu, kafin a watse. Na san hano yana kamawa idan aka kafa reshe, don na ga an yi shinge da shi. Ina da ɗan fili a bayan gida. Yaushe ya fi dacewa in kafa?

Ɗan Gandu: Ƙarshen rani, Baba, yana tsirara babu ganye, kafin ruwa ya sauka. A sari reshe mai kauri kamar damtse daga lafiyayyen itace, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin saran ya bushe, sannan a kafa a inda ruwa ba ya kwanciya, don laima tana ruɓar da shi. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kada a taɓa shi da wuƙa sai ya yi shekara takwas zuwa goma.

Baba Mai Saiwa: Shekara goma. To, jikoki sa tsaga. Guda nawa zan kafa?

Ɗan Gandu: Ka kafa shida, ba duka za su kama ba.